Jan Fenti

Ni ne mai jan fenti.
In ka ga gicciye a jikin mota a Gangare,
ko Dilimi, ko kwanar Unguwar Rogo,
hannuna ne.
Ƙaramar hukuma ta ba ni gwangwani da buroshi
da takarda mai hatimi:
a ɗauke cikin kwana bakwai.

Kwana bakwai!
Akwai wata Fijo a bayan layin masu doya
da na yi wa kwana bakwai sau tara.
Tayoyinta sun nutse a ƙasa,
gwanda ta tsiro ta inda injin yake,
ta yi 'ya'ya, an sha, har an ba ni ɗaya.
Kaza ta ƙyanƙyashe a kujerar baya.
Yaran layi sun kai ta Legas da baki sun dawo,
ba su sha ko ɗigon mai ba.

A ofis ba ta da suna, lamba ce a fayil.
An ce ta toshe hanya. Gaskiya ne.
An ce in ruwan Agusta ya sauko
tana tare kwata, sauro ya yi gida. Gaskiya ne.
Daren da naƙuda ta kama matar Gyang
keke ya kasa shigowa,
a hannu aka fito da ita har bakin titi.
Duk na rubuta a rahoto.

Ga abin da ban rubuta ba:
Sallau direba ya faka ta wata Juma'a,
ya kwance kafireta, ya naɗe a tsumma,
ya ce wa uwarsa, "Dilimi zan je, a rufe min tuwona."
Ranar ce garin ya yi hayaƙi.
Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Kullum bayan asuba Iya Ladidi
tana share gewayen motar,
ta goge gilashin gaba da bakin zaninta.

Ta san ni.
Da ta hango gwangwanina sai ta ce,
"Ɗan gwamnati, an zo?
Yi a hankali, kada ka ɓata masa lamba."
Ta miƙo kunun gyaɗa,
wai sanyin Jos ba ya duba katin aiki.

Abin da ya rufa mana asiri, ni da ita:
janwen hukuma shi ma a kwance yake
bayan sakatariya, ba batir, ba ƙafa ɗaya,
ciyawa ta kai masa wuya.
Da ina da zuciya, da shi ma ya sha gicciye.

Sai bana aka yi sabon ciyaman
mai son a ga aiki.
Aka yi hayar janwe daga Bukuru.
Ranar Talata suka zo, da ɗan sanda, da mai hoto.
Sarƙa ta ja, Fijo ta yi nishi,
gwanda ta karye, ƙofa ta zube,
ɓeraye suka watse kamar an tashi kasuwa.
Na karanta doka da ƙarfi:
tara kaza, kuɗin ajiya kaza,
in wata ya cika ba a biya ba, gwanjo,
'yan gwangwan su ɗora ta a sikeli.

Iya ba ta yi kuka ba.
Yaron janwe ta tambaya:
"In ya zo, ina zan ce ya same ta?"
Yaron ya dube ni.
Na dubi takarda.
Takardar ba ta da wannan layin.

Yanzu hanya ta buɗe,
keke na shiga, ruwa ya gane hanyarsa,
an tafa mana a taro.
Fentin nan dai ya maƙale a ƙarƙashin farcena,
da shi nake alwala.

Jiya na bi ta wurin ba gwangwani.
Fili ne mai kusurwa huɗu,
baƙi ƙirin da tsohon mai,
an share shi tas.
Wani saurayi ya karyo sitiyari zai faka,
sai ta ɗaga tsintsiya:
"Matsa gaba, ɗana.
Akwai mai wurin."