Inda Inuwa Uku Ta Haɗu

Bayan isha'i, fitilar sola na kan turmi,
Tasalla ta baje takarda mai gida-gida
kamar fangalin albasa a fadamar Auyo.
Ta ja layi a kwance, ta ja wani a tsaye,
suka gitta juna. Ta ce, "Baba, nan sifili,
daga nan ake farawa."

Ni ban yi boko ba. Na dai jawo buzuna.

"Na kwancen shinkafa, na tsayen albasa.
Eka nawa gare mu?" Na ce huɗu,
har da gefen da kogi ke lasa in ya cika.
Ta ɗiga huɗu nan, ta ɗiga huɗu can,
ta aza rula, ta ɗaure su da layi guda,
baƙi, miƙaƙƙe, babu yankewa.
"Iyakarka da Haladu ke nan.
Ka taka in ka so, ban da tsallakewa."

Ta kwantar da fensir a kan gefensa,
ta bi ƙasan layin tana shafawa
har wurin ya yi duhun gindin tsamiya.

Layi na biyu ya zo ɗigo-ɗigo,
sawun tururuwa a kan yashi.
Na ce, fensirin ne ya gaji?
Ta yi dariya: "Kuɗin taki ne da man inji,
abin da ke cikin gwangwanin Inna.
Kusance shi, amma kada ka taka,
in ka kai can, na magani ya ƙare."

Na ce, ta yaya kika san gefen shafawa?
"Sifili nake tambaya.
In maganar ta zauna a bakinsa, gefensa ne,
in ta zama ƙarya, sai in haura."

Na uku gajere ne, a tsaye kamar dirka:
shinkafa kada ta gaza eka ɗaya,
don tukunya ba ta jin bari sai baɗi.

Inuwa ta hau inuwa, ta hau inuwa.
A tsakiya wani ɗan fili ya rage,
karkatacce, kamar facin gwiwar wando,
ya fi ko'ina baƙi.
"Nan kaɗai su ukun suka yarda."

Na ɗora yatsa inda raina ke so,
albasa eka uku, yadda na yi mafarki tun kaka.
Ƙasa ta yarda, tukunya ta yarda,
gwangwani ya yi shiru.
Ita ma ba ta ce komai ba.
Na janyo yatsan a hankali, na sauko,
har ya shiga duhun.

Shekara talatin ina wannan lissafi
a kwance, ido biyu, sauro na kuka,
ban san yana da hoto ba.

Da asuba, a wurin alwala,
na ga baƙin fensir a kan yatsana.