Bahon Baƙo

Da su bakwai ne a tankin gilashin falona, nan Mabera.
Jikata Inno ta raɗa wa kowa suna:
Ɗan Ja, Tsohuwa, Mai Babbar Riga,
da wani baƙi mai kumburarrun idanu
wanda ta ce shi ne Hedimasta.

Ranar da fansho ya shigo
na ratsa Runjin Sambo, rumfar Haliru.
Ledoji a rataye, kowace da kifinta,
rana na dukansu kamar tana bin su bashi.
Sai ga wata mai ruwan lemo, wutsiya kamar gyale.
Ya ce, "Baba, wagga jiya taz zo daga Ikko."
Ban ce a watsa mata abinci in ga cinta ba.
Tankin da aka kamo ta, biyu na kwance a ƙasa
fiffike a manne,
ɗaya na goga jiki da tsakuwa
kamar akuya ta samu bango.
Na gani fa.
Ido ya gani, aljihu ya ce rahusa.

Na zo gida na juye ledar har da ruwanta.

Kwana biyar Inno ta daki gilashi da yatsa:
"Kaka, wa ya barbaɗa wa Hedimasta gishiri?"
Na sa tabarau.
Farin ɗigo a baya, farin ɗigo a wutsiya,
duk sun taru a saman ruwa suna haki
kamar masu jiran mota a tashar Illela.

Ni!
Ni da na yi shekara ashirin da shida
a ɗakin killace masu ƙyanda,
ina tare uwa a bakin ƙofa, tana kuka ina cewa a'a,
yau na buɗe wa baƙuwa ƙofa
don wutsiyarta ta yi mini kyau.

Aka shiga jinya.
Kashi ɗaya cikin uku na ruwan nake kwashewa,
in tsotse dattin ƙasa da tiyo,
in zuba wanda ya kwana a buɗe,
warin maganin famfo ya fita.
Gishiri a cokali, da awo.
Shuɗin magani, ɗigo-ɗigo,
har yatsuna suka koma na marini.
Da tsakar dare wuta ta ɗauke, injin kumfa ya yi shiru,
na zauna da moɗa ina ɗebowa ina kwararawa
har aka kira assalatu.

Tsohuwa ta fara tafiya. Sai Ɗan Ja.
Sai ita mai gyalen.
Inno ta binne su gindin zogale
ta hana kaji zuwa wurin kwana biyu.

Ɗigon ya ɓace, ban daina ba.
Abin na faɗawa cikin tsakuwa ne ya hayayyafa,
wanda ya tsaya da wuri, shi ake koma wa.

Yanzu akwai shuɗin baho a bayan ƙofa,
da ragarsa, da tiyonsa, ba ya aro ba ya bayarwa.
Duk wanda ya zo, ko daga ina,
sati uku zai yi a ciki.
Ruwan leda kuwa, na rariya ne.

Jiya na koma wurin Haliru.
Na ja benci na zauna rabin awa, ban ce uffan ba.
Ina duban wanda ke rige-rigen abinci,
ido garau, fiffike a buɗe, ciki ba a shafe ba.
Ya ce, "Baba, kihi za ka saye ko aure za ka nema?"
Na nuna ɗaya.

Yana cikin baho.
Inno ta ja layi guda da alli a bango,
ta ce ba za ta ba shi suna ba
sai layin ya kai ashirin da ɗaya.
Hedimasta na can yana kewaye gilashi,
da ɗan tabo a wutsiya.