Taswira Ba Ta San Kankare Ba

Taswira ta ce na'ura shida sun ishi hawa na huɗu.
Taswira ba ta taɓa kwana a Plovdiv ba.

Wanda ya zuba kankaren nan,
tun kakata Stoyanka tana makaranta,
bai yi rowar rodi ba.
Bango na haɗiye sigina
kamar allura ta faɗa rijiya.

Na saɓa tsani, na bi ɗakunan ɗalibai
ina duban allon hannuna:
kore a bakin ƙofa,
ja a kan gado.
Bututun ruwa, madubi, firji,
kowa sai ya yagi rabonsa.

Sai na bar tambayar allo,
na nemi inda daɓe ya goge.
A kwanar matakala, gindin tagar da ba ta rufuwa,
ga bargo, ga kofin shayi.
Nan Radostina ke tsugunawa kullum dare,
sanyi na cin yatsunta,
don ta ga uwarta
mai jinyar tsofaffi a Italiya.
Murya ta iso, in ji ta,
baki ya biyo daga baya.

Ta bakwai ba ta cikin kasafi.
Na ciro ta daga ofishin Tsvetan mai kula da gini,
wanda rediyonsa ta ishe shi duniya.
Na huda silin ɗaki na arba'in da tara,
garin siminti a gashin idona.

Fitila ta ƙifta, ta ƙifta,
ta tsaya shuɗiya.

Da daddare na dawo neman sukudireban da na manta.
Matakala ba kowa.
Bargon ma ya koma ɗaki.