Dusa Biyu

Dusa iri biyu ce a wannan ƙasa:
wadda sama ke zubowa, fara fat, kyauta,
da wadda Gombo ke ɗaurowa a bayan babur
daga kasuwar Bayanhongor, ja-ja, bashi.
Ta farkon ta binne ciyawa.
Ta biyun buhu goma sha ɗaya ce,
awaki kuwa ɗari da tamanin da uku.

Norjima ta yi lissafin tun daren jiya,
da yatsu, a bakin murhun kashin raƙumi,
ta sake yi da asuba, bai canja ba.

Da safe ba ta ba kowa.
Akuyar da ta karya da dusa ba ta hawa tudu,
sai ta kafe a bakin garke tana kallon hannu.
Su je su tona. Kofato ya yi aikinsa.
Ƙarƙashin farin nan akwai busasshen tsiro,
ɗan kaɗan, ba ƙoshi, amma nasu ne,
abin buhu ciko ne kawai.

Sai rana ta jingina da dutse
su gangaro, gemu duk ƙanƙara.
Nan take tsayawa a ƙofa, ta cire safar hannu,
don ido yana ruɗuwa da gashi,
tafin hannu ne ke jin ƙashin baya.
Wannan mai ciki ce, shiga.
Wannan haƙarƙarinta ya fito kamar matsefi, shiga.
Kai, bunsuru, tafi can, kana da kitse.

Ruwan ɗumi, dusa tafi biyu biyu,
kanwar da aka kankaro a bakin tafki,
da curin albasar daji
wadda ta tsinka da damina tana ciwon gwiwa,
ta daka da gishiri, ta shanya bisa rufin tanti.
Warinta ya tashi, garke ya rikice.
Kwami uku take jerawa nesa da juna,
in ba haka ba mai ƙaho ta cinye rabon marar ƙaho.

Akwai wata tsohuwa, shuɗiya, kunne a tsage,
haƙora saura huɗu, bana ba ta ɗauka ba.
Norjima ta shafa ta, ta daɗe tana shafawa,
sannan ta tura ta waje da gwiwa.
Shekara tara tana shan nononta a shayi.
Buhu bai san wannan ba.

Chimid, jikanta, bai ce komai ba.
Sai dai aljihun rigarsa kullum da gari,
kuma shuɗiyar tana binsa bayan tanti
kamar mai bin bashi.
Kaka ta ga sawu a kan fari, manya da ƙanana.
Ta ga bakin buhu ba ɗaurinta ba ne.
Ta rage wa kanta garin miya,
ta bar maganar.

Buhu na tara ya ƙare iska ba ta sauka ba.
Goma sha huɗu suka kwanta ba su tashi ba,
an jera su bayan garke, sun sandare kamar itace.
Na goma sha ɗaya ta zazzage shi,
ta juya cikinsa waje, ta bari suka lashe.

Sannan wata safiya rufin tanti ya fara ɗiga.
Ɗan akuya na fari ya faɗo, jiƙe, yana rawa,
uwarsa ta mutu kafin ya bushe.
Suka sa shi cikin jakar bargo kusa da murhu,
Chimid yana ba shi madara da ƙahon sa.
Da ya iya tsayuwa, shuɗiyar ce ta zo,
ba nono, ta dai tsaya masa ta gefen iska.

Gombo zai dawo da sikeli in an taje gashi,
zai cire kuɗin dusarsa kafin ya ce sannu.
Norjima na wasa haƙoran matsefi da dutse,
tana kallon tudu,
inda ɗayar dusar ke narkewa
ba tare da ta tambayi kowa ko sisi ba.