Matakala Ɗari da Sha Biyu

Gidana a Valparaíso yana bisa tudu,
matakala ɗari da sha biyu daga bakin titi.
Shekara ashirin ina hawansu da tukunyar gas a kafaɗa,
ban taɓa ƙirga su ba sai bana.

Yankan farko da dariya na sha shi.
Sati biyar na koma aiki,
kuɗin haya bai san tabo ba.
Wata Laraba na sunkuya, ba ma kaya ba, ɗaurin takalmi,
sai wuta ta tashi daga ƙugu
ta gangara har ɗan yatsan ƙafa.

Likita Arancibia ta ɗaga hoton a haske.
"Wurin dai ne, Evaristo. Faifan ya sake ɓullowa.
Hanyar da muka bi bara ta cike da tabo,
ya manne wa jijiya kamar ƙanzo a tukunya,
kankarewa sai a hankali.
Rigar laka tana iya yagewa, ruwa ya zuba.
Cuta tana iya shiga.
Ƙafar tana iya tashi, tana iya ƙi."
Ta miƙo biro.
Sunana ya fito a karkace, kamar mai shi.

Rigar kuwa ta yage, sun ɗinke.
Kwana biyu a miƙe, ba matashi,
in na ɗaga kai sai ka ce ana faskare a ciki.
Clorinda na ba ni ruwa da cokali,
tana lissafa mini jiragen da suka shigo tasha.
Rabinsu ƙirƙira take, na sani,
tagar ɗakin bango take kallo.

Yau wata uku.
Wutar ta mutu, saura toka:
gefen ƙafar hagu bai san sanyin siminti ba,
wai ko ya farka, ko shi ke nan.
Ƙanena Baldomero ne ke kai gas yanzu.
In na ji yana kaɗa tukwane a gangare
nakan ƙara muryar rediyo.

Da safe ina sauka sha huɗu, hannu a ƙarfe,
in tsaya inda kyanwar maƙwabta ke shan hantsi,
in dubi teku, in juyo.
Jiya na kai sha bakwai,
Clorinda ta rubuta a kalanda da jan biro,
ta ce kar in kuskura gobe in yi ashirin.

Takalmi kuwa,
na sayi marar igiya.