Tsintsiyar Tankari

Layi biyar ne kawai.
Tankari ya rubuta mini su a tsaye,
kofin shayi a hagu, yana saurin komawa jami'a.
Ya ce, "Kawu, injinka ya cika kamar motar Abalak ran kasuwa.
Ga tsintsiya. Duk hoton da ya kwana casa'in, za ta kwashe."
Ya raɗa mata suna shara.bat,
ya bar ta maƙale a kusurwar allo kamar tsaka.

Kowace Alhamis, kafin in ja ƙofar shago,
sai in danna ta sau biyu.
Baƙar taga ta buɗe,
fararen haruffa su zubo a guje,
del, rd, tauraro, ɗigo, tauraro,
kafin in laluba makullin babur ta gama.
Ba ta tambaya.
Akwai wani ɗan harafi a jikin layin, q,
Tankari ya ce shi ke rufe mata baki.
Ba ta kuma bi ta kwandon shara,
inda mutum kan koma ya tona in nadama ta zo.

Na so ta, ban ɓoye ba.
Shekara biyu injin bai yi mini nishi ba.
Fuskokin katin ɗan ƙasa,
ƴan lakwal masu jiran jarrabawa,
samari masu shirin Abijan, wuya miƙe cikin kwat ɗin aro,
duk ta share, na kwana da wuri.

Yau Asabar wani tsoho ya sauka daga kabu-kabu.
Nomau, daga Kalfu.
Ya ciro rasit daga cikin hula, ninki huɗu,
tambarina a kai, ya koɗe.
"Ɗana, bara waccan na kawo Tsahara ka ɗauke ta don kati.
Katin ya bi ruwan da ya ci mana ɗaki.
Ita kuma jiya aka yi arba'in.
Ƙaramin jikan yana tambayar kamanninta.
Hiddo mini guda, ko ƙanƙane ne."

Na sani tun bai rufe baki ba.
Duk da haka na zauna,
na bi dosiye bayan dosiye
kamar mai ƙirga garken da shi da kansa ya kai kasuwa.
Na kira Tankari.
Ya yi shiru, sannan ya ce,
"Kawu, inda ta zauna a faifan, wasu sun zauna tuni.
Sau ɗari ma."

Na tuna ta? Ina fa.
Ɗaga haɓa, kar ki ƙifta, na gaba ya shigo.
Fuska hamsin a yini.

Nomau bai ɗaga murya ba.
Ya mai da rasit ninkinsa na dā, ya sa a hula.
"Tana da wushirya," ya ce,
"da tabon ƙuna nan," ya taɓa nasa goshin.
"Ran nan dariya ta yi ta yi, sai da ka sake ɗauka sau uku."
Ya dubi farin ƙyallen da ke bango,
ya je ya zauna a kujerar, ya gyara wuyan riga.
"To ɗauke ni.
Amma ka wanke mini a takarda yanzu.
Ban barin kaina cikin akwatinka."

Na wanke takwas. Ya ce nawa, na ce ya bari.
Ya aje jikka guda bisa tebur, ya danne da abin huda takarda.

Bayan isha'i Tawa ta yi tsit, sai injin niƙan maƙwabta.
Na buɗe cikin tsintsiyar, karo na farko,
na nemo ɗan harafin nan, na cire shi.
Yanzu tana tsayawa a bakin kowane dosiye,
ta tambaya da Faransanci ko na tabbata,
ɗan farin layi yana ƙifta mini ido.

Na farko: Maris, mutum ɗari biyu da sha ɗaya.
Faifai ya kusa cika.
Yatsana yana sama,
shayina ya huce.