Tantin Surukina a Tsibirin Tiree

Jirgin fito ya sauke mu da hantsi,
mu huɗu, da mota cike har wuya,
da tantin mahaifin Catriona
wanda ya shekara tara a naɗe
tun ranar da mai shi ya kwanta dama.

Sama tas, kamar an wanke ta da sabulu.
Na ce, "Kun ga abin da na faɗa muku?"
Ban rufe baki ba
hadari ya taso daga yamma,
ya mayar mini da maganata ciki.

Turke ashirin da biyu aka rubuta a jikin jaka.
Na ƙirga, sha tara.
Struan ya jido duwatsu uku daga bakin teku,
ya ce su ma turaku ne,
ƙiba ce kawai ta yi musu yawa.

Kafin shayi ya tafasa
mun sha yayyafi, mun sha rana,
bakan gizo ya leƙo ya fasa,
iska ta kashe risho sau huɗu.
Ashana ta ƙarshe ce ta ji tausayinmu.

Ailsa ba ruwanta.
Ta tsugunna a kan wani ɗan kududdufi
tana yi wa kaguwa tambayoyi.
Ƙarfe goma na dare, gari bai yi duhu ba,
ta ce ba za ta kwanta ba
sai ita ma rana ta kwanta.

A dare na uku teku ta canza murya.
Tanti ya yi ta numfashi kamar saniya mai ciwo,
ya kumbura, ya lotsa, ya kumbura,
sai ƙyaaat!
daidai inda tsohon ya taɓa yin faci.
Ruwa ya shigo ba sallama,
ya fara da safata.

Tocila a baki, yara a kafaɗa,
muka bi shingen tumaki har gidan Peigi MacPhail.
Ba ta tambayi ko mu su wa ba.
Ta dube mu, ta dubi sama,
ta ce, "Wannan ai ba iska ba ce, ƙanwarta ce,"
ta buɗe mana ɗakin da take tara ulu.

Na farka cikin dare, na ga haske.
Catriona ce zaune, tanti a cinya,
da allurar aro da zare ja.
Ta bi ɗinkin ubanta da yatsa,
manya-manya, a karkace,
irin na mai sauri kafin ruwa ya sauko.
Ba ta warware ko ɗaya ba.
Nata ta jera a gefensu.
Na rufe ido kamar ban gani ba.

Da safe teku ta kwanta lamo,
kamar ba ita ba ce jiya.
Karen ruwa ya fito a kan dutse
yana cin kifi, bai ko kalle mu ba.
Muka shanya barguna a kan shinge,
tunkiya ta ɗanɗana ɗaya, ta ƙi.

Ranar komawa na sake ƙirga turaku.
Sha bakwai.
Struan ya ce tsibiri ya karɓi kuɗin haya.

Yau wata biyu.
Har yanzu in na taka birki
yashi na gangarowa daga ƙarƙashin kujera,
da duwatsu uku
da ba wanda ya amsa shi ya saka su.